Wa ya aiki naman jijiya ya yi kauri? Fashin baƙi kan gudan jini da tsukewar hanyarsa

Tun da aka fara yi wa Kawuna wankin ƙoda ya ɗauki wata al'ada. Da ya sallame sallar asuba, kafin ma ya jawo carbi, sai ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa na hagu ya yi tsit. Wani ɗan kaɗawa yake nema a ƙarƙashin fata, irin na salula idan an kira ta tana cikin aljihu. A daidai nan likita ya ɗinke masa jijiyoyi biyu wuri guda, mai kawo jini daga zuciya da mai mayar da shi, don ta biyun ta buɗe, ta yi ƙwari, ta iya ɗaukar manyan alluran da na'ura ke jan jini da su. Ma'aikatan asibiti suna kiran haɗin fistul. Suna ne kawai ya zo ɗaya da na lalurar yoyon fitsari, babu abin da ya haɗa su. Muddin wurin nan na kaɗawa, mai ciwon ƙoda ya san akwai hanyar da za a wanke masa jini jibi.

Bai cika shekara da aikin ba kaɗawar ta fara ja da baya. Muka hau adaidaita daga unguwar Birni ta Damagaram muka je aka haska hannun, aka ce jijiyar ta tsuke kaɗan gaba da ɗinkin. A hanyar dawowa bai ce uffan ba sai da muka kusa gida.

"Kai da kake koya wa ƴaƴan mutane ilimin jiki a lise, warware mini wannan. Ko rana ɗaya ban tsallake maganin tsinka jinin da aka rubuta mini ba. Jinin da aka tsinka, yaya aka yi ya toshe hanya?"

Na ce, "Kawu, naman jijiyar ne ya ƙaru ta ciki, har ya matse hanyar."

Ya ce, "To wa ya aike shi?"

Tambayar nan ta fi amsar da na ba shi a lokacin. Masu aiken suna da yawa, amma ɗaya daga cikin manyansu shi ne ainihin sinadarin da ke daskarar da jini, mai suna turombin. Labarinsa nake so in warware a nan, don na ga ruɗanin Kawu a bakin mutane da dama masu ciwon zuciya da na ƙoda.

Mu mutanen Damagaram, wahalar ruwa ta sa mun san tiyo ciki da waje. Idan ruwa ya rage ƙarfi, ko an take shi ne ko yashi ya taru, a kakkaɓe a ci gaba. Da wannan idon muke kallon jijiya, kuma nan kuskuren yake farawa. Ranar Layya idan an feɗe rago an ciro zuciya, ka dubi farin bututun nan mai kauri da ya fito daga samanta. Matsa shi da yatsa ka saki, za ka ga ya koma yadda yake. Bangonsa nama ne mai rai, hawa uku. Na can ciki, wanda jini ke gogawa, shimfiɗa ce ta ƙwayoyin halitta jeri ɗaya tak, sumul, wadda jini ba ya kama ta. Na waje riga ce mai ƙarfi. Na tsakiya kuwa tsoka ce, dangin wadda ke cikin hanji da tumbi da mahaifa, irin wadda ba ta jin umarnin mai ita. Ita ke matse jijiya ta sake ta, da haka take daidaita ƙarfin gudun jini. Maganin tansiyo irin amlodifin ita yake sassautawa, ta hanyar hana kalsiyam shiga cikinta.

A jikin babban mutum mai lafiya, ƙwayoyin wannan tsoka kusan ba sa haihuwa. Sai su shekara da shekaru suna matsewa suna saki, adadinsu na nan. Amma suna da wata baiwa da tsokar zuciya ba ta da ita: idan aka kira su, suna iya ajiye sana'arsu ta matsewa su koma magina. Su rage zaren da suke matsewa da shi, su kumbura, su rabu biyu, su yi rarrafe su bar mazauninsu, su riƙa fitar da kolajin da sauran kayan ciko suna jibgewa. Wannan baiwa ce ke rufe jijiyar da ta ji rauni. Ita ce kuma ta matse hannun Kawu.

Sai mu koma ga jinin. Wanda ya taɓa tsayawa bakin ramin yanka ya ga yadda jini ke zuba kamar ruwa, kafin a gama feɗe ƙafa ɗaya ya zama curi kamar hanta. Abin da ke faruwa kenan a taƙaice: a bayan shimfiɗar nan ta ciki akwai wani furotin da ake kira sinadarin nama, wanda jini ba ya haɗuwa da shi sai an sami tsaga. Da zarar sun haɗu, sai ya kama sinadari na bakwai cikin jerin sinadaran daskarewa da ke yawo a jini, su biyun su tayar da na goma, na goma kuma, da taimakon na biyar da kalsiyam, ya yanka wani furotin da hanta ke sarrafawa da bitamin K, mai suna furoturombin. Abin da ya fito daga yankan shi ne turombin. Shi anzim ne, wato furotin mai aikata aiki a kan wasu, kuma aikinsa yanka. Aska ce da ta san gaɓa, ba ta sara ko'ina. Ta yanka fibirinojin da ke narke cikin jini ya koma zaren fibirin, zaren ya saƙu ya zama raga, ragar ta kama jajayen ƙwayoyi da filaket, wato ƴan ƙananan ƙwayoyin jini masu manne wa juna a bakin rauni, gudan jini ya samu. Har nan duk ɗan aji na ƙarshe a lise ya sani.

Ga abin da ba ya cikin littafin aji. Masu auna samuwar turombin daki-daki, musamman ɗakin binciken Kenneth Mann a Amurka, sun gano cewa jini yana daskarewa tun turombin ɗin da aka samar bai kai kashi 5 cikin 100 na wanda za a samar ba. Sama da kashi 90 yana fitowa ne bayan guda ya riga ya kama. Ranar da na fara karanta wannan sai na tsaya. Idan tsayar da jini ne kaɗai aikinsa, ragowar na mene ne? Wani ɓangare yana ƙarfafa gudan, ya hana shi narkewa da wuri. Wani ɓangaren kuwa magana yake yi da ƙwayoyin da ke kewaye da raunin.

An fara jin ƙishin-ƙishin ɗin haka a 1975, lokacin da Lan Bo Chen da John Buchanan suka zuba turombin a kan ƙwayoyin ɗan tsako da suke reno a faranti, ƙwayoyin da suka daina rabuwa suka farfaɗo suka ci gaba da hayayyafa. Babu jini a farantin, babu abin daskarewa. Aka rasa gane yadda aska za ta isar da saƙo. Sauran masu kai saƙo a jiki, irin su insulin da adirenalin, makulli ne: su zo su shiga kubar da ke jikin ƙwaya, ƙofa ta buɗe, su zare su tafi. Shekara 16 ana neman kubar da turombin yake shiga.

A 1991 aka same ta. Ɗakin binciken Shaun Coughlin a San Faransisko ne ya fito da bayanin, bayan sun yi ta gwaji da ƙwan wani kwaɗon Afirka, kuma a shekarar wasu masana a birnin Nis na Faransa suka kai ga wannan makarɓi, wato kubar da ke karɓar saƙon, ta tasu hanyar. Abin da aka gani ya saɓa wa duk tsammani. Makarɓin, wanda aka sa wa suna PAR1, furotin ne mai ɗiyan amino 425 (ƴan tubalan da ake jera furotin da su) da ya ratsa fatar ƙwaya sau bakwai, ya bar wata doguwar jela tana reto a waje. Makullinsa yana jikin jelar tun asali, a rufe.

Ka ɗauka ƙofa ce da aka rataya mata makullinta da igiyar fata, amma dukawa sun ɗinke makullin cikin kube kamar yadda suke ɗinke laya. Yana nan dab da kuba, ba ya iya shiga. Turombin ya zo ya kama jelar, ya yanke ta tsakanin ɗan amino na 41 da na 42, kuben ya faɗi. Sabon bakin da ya bayyana, wanda masana ke rubuta farkonsa da haruffa shida, SFLLRN, sai ya lanƙwaso ya shige kubar da yake ɗaure a jikinta. Turombin bai tsaya ba, ya wuce ƙofa ta gaba. An tabbatar da haka ta hanya mai kyau: aka haɗa waɗannan ɗiyan amino a ɗakin gwaji, aka zuba wa ƙwayoyi ba tare da turombin ba, makarɓin ya tashi kamar an yanke shi.

A nan nake so mai karatu ya ɗan dakata, don abubuwa biyu suna biyo bayan wannan tsari kuma su ne gishirin zancen. Na farko, aska ɗaya tana buɗe ƙofofi da yawa, saboda haka turombin kaɗan yana iya tayar da unguwa guda ta ƙwayoyi. Na biyu, abin da aka yanke ba ya ɗinkuwa. Makullin insulin yana fita, wannan kuwa a ɗaure yake da ƙofar, ba inda za shi. Hanyar da ta rage wa ƙwaya ta kashe saƙon ita ce ta yi wa makarɓin alama daga ciki, ta haɗiye shi ɗungurungum, ta kai shi ma'ajiyar da take narkar da shara, sannan ta kafa sabo. Kowace ƙofa sau ɗaya take aiki. Ta haka ne ma ƙwayar ke gane yawan turombin da ke waje: tana jin saurin da ake yanke mata ƙofofi. Idan ɗaya-ɗaya ne jefi-jefi, ta share. Idan ana yanka ana ƙarawa, duk sabuwar da ta kafa a sare ta nan take, ta san ɓarnar da ke waje babba ce.

Daga baya an gano ƴan'uwansa uku: PAR2 a 1994 a Suwidin, PAR3 a 1997, PAR4 a 1998. PAR2 ba ya cika amsa wa turombin, amma sinadari na goma yana yanke shi, haka ma haɗin sinadarin nama da na bakwai. Ke nan tun kafin a kai ga turombin, matakan farko na daskarewa sun riga sun fara aika wa bangon jijiya saƙo. Tun 1992 aka nuna cewa sinadari na goma shi kaɗai yana sa ƙwayoyin tsokar jijiya rabuwa, a 1993 kuma aka nuna turombin yana yin haka ga na ɓera ta wannan makarɓi da ake yankewa.

Me ke faruwa a cikin ɗaki bayan ƙofa ta buɗe? A bayanta akwai ƴan aike da ake kira furotin G, kuma PAR1 yana tayar da iri uku a lokaci guda. Na farko yana sa a saki kalsiyam daga rumbunsa na cikin ƙwaya, cikin daƙiƙoƙi tsokar ta matse. Wannan yana da ma'ana, jijiyar da ta tsage gara ta tsuke bakinta. Na biyu yana tayar da wani furotin mai suna Rho, wanda ke sake ɗaurin ƙashin ƙwayar don ta iya sauya siffa ta yi rarrafe. Na uku yana rage wani sinadari da ke riƙe ƙwayar a zaune lafiya, kamar a cire dutsen da aka tokare tayar amalanke da shi. Daga nan saƙo ya bi wani jerin gwano, Ras ya taɓa Raf, Raf ya taɓa MEK, MEK ya taɓa ERK, shi kuma ERK ya shige cibiyar ƙwayar inda kundin gado yake, ya sa a buɗe shafukan da suka daɗe a rufe. Cikin ƙasa da awa guda an fara karanta na farko, irin su c-fos. Bayan sa'o'i sai a kai ga wanda ake kira sikilin D1, mai ba da izinin kwafe kundin gaba ɗaya don a raba wa ƴaƴa biyu.

Wani abin da ya burge ni shi ne turombin ba ya yin wannan aiki da ƙarfinsa shi kaɗai. Gayya yake kira. A 1996 ɗakin binciken Axel Ullrich a Jamus ya nuna cewa idan aka tayar da makarɓa irin wannan, sai makarɓin wani sinadarin girma mai suna EGF, da ke can gefe, shi ma ya tashi alhali ba a zuba masa komai ba. A 1999 suka gano dalili: saƙon yana fita waje ya dawo. Makarɓin farko yana tayar da wani almakashi a fatar ƙwayar, almakashin ya tsinko wani sinadarin girma da ke maƙale a wurin, shi kuma ya faɗa kan makarɓin EGF. An ga wannan a tsokar jijiya ma. Bayan haka ƙwayar da turombin ya taɓa tana fara sarrafa nata sinadaran girma, irin su PDGF da FGF, ta fitar, ta sha abinta, ta shayar da maƙwabta. Shi ya sa a faranti girman da turombin ke jawowa yakan makara idan aka gwada da na PDGF kai tsaye. Sai gayya ta taru ake fara aiki.

Kuma ƙwaya ba ta rabuwa don an ƙwanƙwasa mata sau ɗaya. Tana buƙatar a yi ta kira na sa'o'i masu yawa kafin ta ƙetare matakin da ba ta komowa. A cikin jini mai gudu turombin ba ya samun wannan dama, don akwai mai gadi, antiturombin, da ke kashe shi kafin minti ya cika. A lafiyayyar jijiya ma shimfiɗar ciki tana da wani furotin, turombomodulin, wanda ke kama turombin ya juya masa hali, ya sa shi tayar da furotin C mai hana daskarewa. Abin mamaki, furotin C ɗin nan shi ma yana yanke PAR1, amma a gaba kaɗan, a ɗan amino na 46, kuma saƙon da ke fitowa na kwantar da hankali ne da kare shimfiɗa. Ƙofa ɗaya, wurin yanka ya bambanta da ɗiya biyar, umarni ya juye.

Inda shimfiɗar ta kwaile kuwa, duk wannan kariya ta tafi. Turombin yana maƙalewa a zaren fibirin da kayan cikon bangon jijiya, kuma a maƙale ɗin mai gadi ba ya isa gare shi sosai, ko da an ƙara masa ƙarfi da hefarin, maganin hana jini daskarewa. Gudan jinin da ke manne a bango sai ya zama rumbu, yana tsiyayo da aska kwana da kwanaki. Ƙwayoyin tsokar da aka tayar kuma suna ƙara yawan PAR1 a jikinsu, suna kuma fara fitar da sinadarin nama da kansu, wanda ke haifar da sabon turombin. An duba jijiyoyin mutane a 1992: a lafiyayyu makarɓin kusan a shimfiɗar ciki kawai yake, a waɗanda kitse ya lalata kuwa ga shi nan birjik a ƙwayoyin tsoka.

An bi sawun abin kwana-kwana a jijiyar wuyan ɓera da aka goge wa shimfiɗa. Cikin kwana biyu ƙwayoyin hawa na tsakiya sun fara rabuwa. Wajen kwana na huɗu sun fara ƙetarowa zuwa ɓangaren ciki, inda ba mazauninsu ba. Mako biyu suna hayayyafa a can, sannan su ci gaba da jibga kayan ciko. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Birni ya san yaɓe. Kafin damina a bi tsaga a cike, a shafe, katanga ta ƙara shekara. Amma a ce magini ya yi ta yaɓa wa zaure ta ciki, hawa kan hawa, ba wanda ya ce masa ya isa, wata rana sai mai gida ya shiga a karkace. Jijiyar hannun da faɗinta ƴan milimita ne ba ta buƙatar yaɓe mai yawa kafin ta kai nan.

Kada a ɗauka wannan saƙo aibi ne a halitta. Da aka cire wa ɓeraye PAR1 gaba ɗaya, kusan rabinsu sun mutu tun suna ciki, wajen kwana na tara zuwa goma, saboda jijiyoyinsu ba su ginu daidai ba. Wanda ya sanar da rauni shi ya fi dacewa ya kira masu gyara, don shi ne na farko a wurin kuma ya san girman ɓarnar. Matsala tana zuwa ne inda raunin ba ya ƙarewa. Haɗin hannun Kawu irin wannan wuri ne. An yanka an ɗinka. Jini mai ƙarfin da aka saba wa jijiya mai kauri yanzu yana dukan bangon mai laushi, yana juyi a kwanar ɗinkin dare da rana. Allura biyu suna huda ta duk zaman wanki. Gubar da ƙoda ta kasa fitarwa ita ma tana raunana shimfiɗar. Kullum akwai sabon dalilin kira.

To me ya hana a kashe turombin a huta? An gwada, kuma labarin gwajin ne ainihin amsar tambayar Kawu. A ranar 16 ga Satumba 1977, a birnin Zurik na Suwizalan, Andreas Gruentzig ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da ɗan balan-balan da ake zurawa a hura. Aikin ya ceci mutane da yawa, amma kusan ɗaya cikin uku jijiyar takan sake tsukewa cikin wata shida. A matsattsaku, wannan tsutsar tafki mai shan jini, akwai wani sinadari a yawunta, hirudin, da ke toshe bakin turombin ko a maƙale yake. A zomaye ya rage tsukewar sosai. Aka gwada shi a mutum 1,141 da aka yi wa aikin balan-balan a Turai, sakamakon ya fito a 1995: matsalolin kwanakin farko sun ragu, amma bayan wata shida tsukewar tana nan yadda take. Hefarin ma haka, tun 1977 Clowes da Karnovsky suka ga yana hana tsokar jijiyar ɓera hayayyafa, a mutane bai cika alkawari ba. A ɓangaren masu wankin ƙoda, an ba mutum 877 masu sabon haɗi ko dai kulofidogirel, maganin tsinka jini, ko ƙwayar da ba magani a ciki, aka buga a 2008: toshewar gudan jini ta farko ta ragu, amma adadin haɗin da ya nuna har ya yi aiki bai ƙaru ba.

A fahimtata dalilan a fili suke. Maganin kwana uku ba ya maganin kiran da ke ɗaukar makonni. Idan gayya ta riga ta taru, korar wanda ya kira ta ba ya watsa ta, PDGF da FGF da anjiyotensin, sinadarin da ke tayar da tansiyo, suna nan suna ci gaba. Sannan ba za a iya danne turombin har ƙasa na tsawon watanni ba, mutum zai zubar da jini. Asfirin da kulofidogirel kuwa, waɗanda su aka fi ba mutanenmu da sunan maganin tsinka jini, filaket suke hana mannewa, ba su taɓa askar kanta ba balle ƙofar da take yankewa. Suna da amfaninsu babba, sun hana mutuwa ba adadi, amma an ɗora musu tsammanin aikin da ba nasu ba.

Abin da ya yi nasara a jijiyar zuciya ya bi ta ƙarshen hanyar ne. A 1986 aka fara saka ƴar ragar ƙarfe mai tokare jijiya, a Tulus ta Faransa da Lozan ta Suwizalan. Ta hana bango komawa, amma naman yana tsirowa ta ramukanta. Sai aka shafa mata sirolimus, maganin da aka samo daga wata ƙwayar bakteriya da ke cikin turɓayar tsibirin Ista, wanda ke tsayar da ƙwaya a bakin matakin kwafe kundi ko wane ne ya aiko ta. Aka amince da ita a Turai a 2002, a Amurka a 2003, sake tsukewa ta sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100.

Ƙofar kanta ma an yi mata magani. Borafaksar, wanda asalinsa daga ɓawon wani icen Ostireliya ne, yana zama cikin kubar PAR1 ya hana makullin shiga ko an yanke kuben. An gwada shi a mutum sama da 26,000, Amurka ta amince da shi a 2014 don rage bugun zuciya na biyu, amma an haramta shi ga wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki saboda zubar jini a ƙwaƙwalwa. A 2017 wani gwaji mai mutum 27,395 ya nuna cewa ɗan ƙaramin awo na ribarokzaban, mai toshe sinadari na goma, miligiram 2.5 sau biyu a rana tare da asfirin, ya rage mutuwar zuciya da bugunta da shanyewar jiki daga kashi 5.4 zuwa 4.1, zubar jini mai tsanani kuma ta hau daga 1.9 zuwa 3.1. Na kawo lambobin ne don a ga kowane ribar nan da kuɗinta, kuma don in roƙi ƴan'uwa: waɗannan ba magungunan da ake saye a tebur ko wurin mai yawo da kwali a ka ba ne. Mai ciwon ƙoda musamman, jininsa ya riga ya fi na mai lafiya saurin zuba.

Abin da ke hannunmu a Damagaram shi ne rage wa jijiya dalilin kira, da kama tsukewar tun tana ƙarama. Hannun da aka yi wa haɗi ba a auna tansiyo a kansa, ba a ɗibar jini, ba a ɗaura agogo ko matsattsen hannun riga, ba a yin matashi da shi, ba a ɗaukar jarka da shi. Wanzami kada ya kusance shi da ƙaho ko tsaga, komai nauyin da mai shi yake ji. Masu sa allura su riƙa sauya wuri. Taba, da hawan jini da sukarin da aka bari ba kulawa, kullum cikin kwaile shimfiɗar jijiya suke, a hannu da zuciya da ƙwaƙwalwa baki ɗaya. Idan kaɗawar ta rage, ko jini ya daɗe bai tsaya ba bayan an zare allura, ko hannun ya kumbura, ranar ake zuwa asibiti. Tsukakkiyar jijiya ana iya buɗe ta ko a sake mata hanya. Wadda aka bari har guda ya rufe ragowar ramin, sau da yawa sai dai a haƙura da ita, kuma wuraren da za a yi sabon haɗi a jikin mutum ƙidayayyu ne.

Na Kawu an kama shi da sauran hanya. Aka sake masa haɗin a sama kaɗan, aka sa masa bututu a wuya na wucin gadi har sabon ya nuna. Da na koma masa da wannan bayani wani dare bayan isha'i, a kan tabarmar ƙofar gida, ya saurara har na kai batun kube da makulli, sannan ya ce, "Wato shi mai yankan ba ya komowa ya ce a bari." Na ce, "Ba ya komowa, Kawu." Ya jinjina kai, ya kamo hannun ƙaramin jikansa da ke zaune kusa, ya ɗora yatsun yaron a sabon wurin.

"Ka ji shi? To duk safiyar da na manta, kai za ka zo ka taɓa."